BINDIGA A BAKIN ASKI

Shafi na 9

Masu aiko da saƙo kuna yi wa Otis dariya, ku tanadi sauran dariyar, za ku buƙace ta. Mun tsaya a ranar da ɓarayi suka ɓalle ƙofar tsohuwa Opal da rana tsaka, suka ɗaure ta a kujera suka kwashe gidan, motar sherif, shugaban 'yan sandan yankin, kuwa ba ta iso ba sai bayan minti hamsin. Daga gidan Opal, in ka bi hanyar dutsen nan, sai gidan Otis Whitlow da matarsa Darlene.

*

Lamar Goforth, wani ɗan garin, ya shimfiɗa bargo a bayan a-kori-kurarsa, ya jera bindigogi uku kamar mai tallar kifi.

"To wanzami, zaɓi."

Otis ya gyara tabarau. Shekara arba'in yana aski a birnin St. Louis kafin ya ajiye aiki ya biyo Darlene garinsu a duwatsun jihar Arkansas ta Amurka, kuma a duk tsawon rayuwarsa abu mafi haɗari da ya taɓa riƙewa shi ne aska. A garin da ko fasto yana da bindigarsa a ƙarƙashin kujerar mota, wannan ba abin faɗa ba ne.

Sai ya nuna mafi girma.

Lamar ya yi dariya har gashin bakinsa na rawa. Gashin bakin nan kuwa duk gari an san shi, ya murɗe shi hagu da dama kamar ƙahon rago.

"Wannan ta farautar barewa ce, ɗan birni. In ka harba ta a cikin gida, harsashin zai huda ɓarawo, ya huda bango, ya je ya sami saniyar mutane. Kai kuma a kwashe ka da kafaɗa a hannu."

"To ƙaramar fa? Ta aljihun nan."

"Ita sai hannun da ya saba. Baƙon hannu in ya firgita, ƙafarsa yake fara harbi. Kana da ƙafar banza ne?"

Otis bai taɓa son mutumin nan ba. Tun rasuwar matar Lamar bara, duk Lahadi sai ya tsaya a ƙofar coci yana cire wa matan mutane hula, kuma in Darlene ce sai hular ta daɗe a hannu.

Lamar ya ɗauki ta ukun da hannu biyu, a hankali, kamar mai ɗaukar jariri.

"Ga taka nan. Mai baki biyu. Ba ta da wayo, ba ta da ƙarya. Ka karya ta, ka zura harsashi biyu, ka rufe, shi ke nan. Kuma ba ta shuri sosai."

Otis ya karɓa. Tsohuwa ce, amma ko ɗigon tsatsa babu, sai ƙamshin mai. Katakon da ake dafawa a kafaɗa, ƙotar, ya sha goga har yana ɗaukar ido.

"Ƙotar ba ta yi gajarta ba? Kamar ta yara."

"A cikin gida gajeriya ake so. Ga lungu, ga ƙofa, ga labule."

Maganar ta shiga kunnen Otis.

"Nawa?"

"Ba ta kuɗi ba ce."

"Ban gane ba."

Lamar ya shafa haɓarsa.

"Kujerar askin nan da ka taho da ita daga birni, tana nan a barandarka?"

"Tana nan."

"To. Aski da gyaran fuska duk Asabar, shekara guda. Da tawul mai zafi, irin na manyan mutane. A gidanka."

Otis ya yi lissafi da sauri. Mai shagon bindiga na bakin titi dala ɗari shida ya ce da shi jiya, a kan wadda ba ta kai wannan kyau ba. Ga wani sakarai zai ba da tasa a bakin kumfar sabulu!

"Na yarda."

"Sharaɗi ɗaya. Gashin bakina ba a taɓa shi. Ko almakashi kada ya gaishe shi."

"Wa ke son sa?"

Suka yi musabaha. A duwatsun nan kuwa in maza biyu suka haɗa hannu, magana ta ƙare, ko alƙali ba ya warware ta.

Da Otis zai shiga mota, Lamar ya ɗaga murya.

"Ka gaida min Darlene!"

*

Darlene tana kicin, wake na tafasa, burodin masara na cikin tanda. Otis ya shigo yana taƙama, ya ɗora bindigar a kan teburin cin abinci.

"Daga yau gidan nan yana da namiji."

Ta juyo da ludayi a hannu.

Ludayin ya tsaya a iska.

"A ina ka samo wannan?"

"Wurin Lamar Goforth. Kuma ko sisi ban ba shi ba."

Ta juya ga tukunya ta zuba gishiri. Jim kaɗan ta sake zuba gishiri.

Wanzami ba ya kallon mutum ido da ido, ta madubi yake karanta fuska. Otis ya dubi gilashin taga, ya ga fuskar matarsa a ciki. Shekara talatin da tara suna tare, bai taɓa ganin ta da wannan fuskar ba.

Amma zumuɗi ya hana shi tsayawa.

"Zo bayan gida ki ga aiki."

Ya jera gwangwanayen tumatir huɗu a kan shinge. Ya zura harsashi yadda Lamar ya nuna masa, ya dafa ƙota a kafaɗa, ya rufe ido ɗaya, ya ja kunama.

Daram!

Kaji suka watse. Otis ya ji kamar an naushe shi a hanci. Ya taɓa, sai ga jini. Gwangwanaye huɗu suna nan zaune lafiya lau.

"Iska ce," in ji shi.

"Otis."

"Na ce iska ce!"

Ya sake harbawa. Wannan karon tabarau ne ya yi tsalle ya faɗa cikin kabeji, jini ya sauko har kan riga. Wani reshen itace can gefe ya faɗo, abin da ba ruwansa.

Darlene ta sauko daga matakala tana goge hannu a jikin rigar girki.

"Babban yatsanka ne ke dukan hancinka. Ƙotar ta yi maka gajarta, fuskarka ta matso gaba da yawa."

Otis ya dube ta, hanci a toshe da hankici.

"Ke yaushe kika san ƙota?"

"Ba ni nan kafin ka ƙarar min da kaji."

"Ke da kika ce ko ganin bindiga ba kya so?"

"Otis Whitlow, ba ni."

In ta haɗa sunansa biyu, ya san gardama ta ƙare. Ya miƙa mata.

Ba ta ko dubi bindigar ba. Yatsanta ya tura ɗan ƙarfen baya, bindiga ta karye, ta zare kwankon harsashi biyu da hannu ɗaya ta jefa a aljihu, ta zura sababbi. Ta ɗaga. Ƙotar ta je ta kwanta a kafaɗarta kamar kyanwa ta ga mai ita.

Daram! Daram!

Gwangwani biyu suka tashi sama.

Ta sauke bindigar, tana numfashi da sauri, kumatunta sun yi ja. Kuma murmushi take. Murmushin yarinya 'yar shekara ashirin, wanda Otis bai taɓa samun irinsa ba ko ranar ɗaurin aurensu.

Nan wani abu ya faɗo masa. Jiya a shagon bakin titi, mai shagon ya auna shi: ya sa masa gindin ƙota a lanƙwasar gwiwar hannu, ya ce in yatsa ya sauka daidai kan kunama, bindigar taka ce.

"Miƙo."

Ya cire harsashi ya duba babu komai, ya dafa ta a gwiwar hannunsa. Yatsansa ya wuce kunama da gaɓa biyu.

"Kawo hannunki."

"Wake zai ƙone."

"Ya ƙone. Kawo hannunki, Darlene."

Ta miƙa. Ya lanƙwasa hannun, ya zaunar da ƙotar.

Yatsanta ya sauka kan kunama. Daidai. Ba ragi, ba ƙari.

Ya juya ƙotar ya duba ƙarshenta da idon mai sana'a. Ga sawun zarto nan a ƙarƙashin robar, tsohon yanka, an goge shi da ƙauna.

"Wa aka yanke wa wannan?"

Darlene ta janye hannunta.

"Tela ya auna ki bai kai haka ba. Wa aka yanke wa?"

"Ni."

Otis ya nemi kututture ya zauna.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin na san akwai wani Otis a duniya."

"Ba labarin duniya na tambaye ki ba."

Darlene ta zauna a matakala, ta haɗa gwiwa.

"Mazan gidan Goforth ba sa fara ba da zobe. Tun kakansu. In ɗansu yana son yarinya, sai ya ɗauki bindiga mai kyau ya auna hannunta, ya yanke ƙota daidai da ita. In an yanke kuwa an yanke, ba ta ƙara yi wa namiji amfani. Duk wanda ya gan ki da ita ya san an yi miki kamu."

"Duk gari sun san wannan?"

"Duk wanda ya haura sittin."

Otis ya runtse ido. Ɗazu ya tsaya a gidan mai, da gangan ya jingina bindigar a kujerar gaba don a gani. Tsofaffin nan uku masu zaman benci sun leƙa, sun dubi juna, ɗaya har kofi ya sarƙe shi. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. Har hannu ya ɗaga musu!

"Wato na ratsa gari da kayan auren matata a mota, ina gaisawa da mutane."

"Ba a yi auren ba, Otis."

"Saura kwana nawa a ɗaura?"

"Mako uku."

"Mako uku! Shekara talatin da tara kina dafa min wake, ba ki taɓa cewa saura mako uku ki zama matar mai ƙahon rago ba!"

"Ka taɓa tambaya?"

"Ana tambayar abin da ba a sani ba ne?"

Ta yi ajiyar zuciya.

"To ka ji yanzu. An yi gasar harbi ta kaka a filin 'yan kwana-kwana, wadda ake cin talotalo. Lamar ne ke cinyewa duk shekara. A shekarar na shiga da wannan bindigar, na doke shi. A gaban ubansa, a gaban kowa. A hanyar komawa bai ce min uffan ba, sai da muka iso ƙofar gidanmu ya ce, daga yau ba za ki ƙara harbi a bainar jama'a ba, matar Goforth ba ta kunyata mijinta. Washegari na ajiye masa bindigarsa a baranda, da talotalon, na hau bas zuwa St. Louis. Ban ƙara taɓa bindiga ba sai yau."

Da wani namijin ne, da ya ji sanyi a nan. Otis bai ji ba. Shi wani abu daban ne ke cin sa.

Ya shafa bakin bindigar, ya nuna mata yatsa.

"Kin ga tsatsa?"

"A'a."

"Shekara arba'in da wani abu. Ni askata in ta yi wata guda ban shafa mata mai ba sai ta yi baƙi. Mutumin nan ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya binne mata, duk yana zaune yana goge ƙotarki da tsumma!"

"Wannan matsalarsa ce, ba tawa ba."

"Kuma ta yaya ya san ina neman bindiga? Ina isa na tarar ya riga ya shimfiɗa bargo. Ban da mai shago, ban gaya wa kowa ba sai ke."

Darlene ta dubi kaji.

"Darlene."

"Ranar Lahadi ne, wurin suyar kifi bayan coci. Na ce masa in ka zo kada ya ba ka babba."

"Saboda me?"

"Saboda kafaɗarka, tsoho. Da ƙyar kake ɗaga ta ka sa riga."

"Kika je wurin Lamar Goforth kika ce masa mijinki ba shi da ƙarfi."

"Ban ce haka ba!"

"To shi me ya ji?"



"Wallahi ban san wannan zai ɗauko ba," ta ce can. "Sai ganin ta na yi a kan tebur. Ka mayar masa yau ɗin nan."

"Mun haɗa hannu."

"A kan nawa?"

Sai yanzu cinikin ya juyo wa Otis da ainihin fuskarsa.

"Aski. Duk Asabar. Shekara guda."

"A ina?"

"A nan."

Darlene ta dafe baki. Otis ya rantse dariya ce take ɓoyewa, ita kuma har gobe tana cewa tari ne.

Ta miƙe ta karkaɗe siket, ta tsaya a kansa.

"Ka saurare ni, Otis Whitlow. An ɗaure Opal da wayar fitila, ita kaɗai, ba mai jin ihunta. Gidan nan yana buƙatar mai iya harbi, kuma ka ga ko wane ne. Na bar namiji ɗaya saboda ya kasa jure ganin na fi shi. Na tsufa da hawa bas, amma ban manta tashar ba."

Ta karɓi bindigar daga hannunsa ta shige ciki. Wake ya riga ya kama.

*

Ranar Asabar, ƙarfe tara na safe, a-kori-kura ta tsaya a ƙofa.

Lamar ya fito da riga mai guga, takalmi na sheƙi, gashin baki ya sha kakin zuma. A hannunsa kwalbar zuma ce, an ɗaura mata ƙyalle.

"Ina kwana, wanzami! Kai, me ya sami hancinka? Ƙofa ce?"

"Zauna."

"Wannan na uwargida ne. Tana ciki?"

"Tana bayan gida. Zauna."

Lamar ya haye kujera ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. Otis ya yafa masa farin zane, ya kwantar da kujerar, ya rufe masa fuska da tawul mai zafi. Sannan ya kama fatar wasa aska.

Shuu. Shuu. Shuu.

Kwana uku ya yi yana lallashin kansa. Ya ce aski ne kawai, ya yi wa 'yan daba, ya yi wa gawa, ya yi wa wanda ya zage shi. Ya ce matar tasa ce, shi ta zaɓa. Jiya ma shi da kansa ya sayo mata kwalin harsashi, ya jera mata gwangwani, ya tsaya yana tafi da haƙora a cije.

Daga bayan gida aka ji: Daram! Daram! Gwangwani ya yi ƙara sau biyu.

A ƙarƙashin tawul, Lamar ya saki wani dogon numfashi.

"Ita ce. Ko a kabari na ji wannan harbin zan gane shi. Ba ta jira tsakanin na farko da na biyu."

Otis ya cire tawul, ya shafa kumfa a kumatu, a haɓa, a maƙogwaro. Lamar bai buɗe ido ba.

"Har yanzu tana zama mata daidai, ko?"

"Ɗaga haɓa."

"Na san za ta zauna. Da zaren ulu na auna, ja, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Tana ta dariya wai ina yi mata cakulkuli." Ya yi murmushi cikin kumfa. "Zaren yana nan cikin Littafina Mai Tsarki. Duk Lahadi da shi nake zuwa coci, kana zaune a layin gabana."

Askar tana kan maƙogwaronsa. Otis yana ganin jijiyar tana bugawa, ɗaya, biyu, uku.

Hannun da ya yi shekara arba'in bai taɓa rawa ba, bai yi rawa ba yau ma. Ya bi maƙogwaron a hankali ya share shi tas, ko ƙwarzane babu. Ya bi haɓa. Ya bi kumatun dama.

Sannan ya kama ƙahon ragon na hagu da yatsa biyu.

Shat!

Abin ya faɗo kan farin zane, a murɗe, kamar mataccen ɓera.

Lamar ya buɗe ido. Otis ya miƙa masa madubi da ladabi, yadda ake yi wa manyan mutane.

"Baƙon hannu ne, Lamar. In ya ji harbi sai ya firgita."

To, ga yadda cinikin ya tsaya a safiyar nan. Darlene ce ta ci riba tsantsa, bindigarta ta dawo hannunta ba ta roƙi kowa ba. Lamar ya sami Asabar hamsin da biyu a gidan da yake mafarki, amma tun a ta farko ya bar rabin abin da yake taƙama da shi a kan zane. Otis kuwa ya rasa hanci, ya rasa barci, kuma yanzu ya zama mutum na farko a duwatsun nan da ya karya sharaɗin da aka haɗa hannu a kai.

Lamar ya miƙe tsaye a hankali, kumfa na ɗiga, rabin fuska namiji rabin fuska jariri.

"Ka karya magana, wanzami. Ciniki ya warware. A ba ni bindigata."

Ƙofar raga ta yi ƙara a bayansu.

Darlene ce, bindiga a karye a kan hannunta, hayaƙi na fita daga baki biyun. Ta dubi Lamar. Ta dubi abin da ke kan zane. Ta dubi mijinta da aska a hannu.

"Bindigar wa?"